Jarin Gus Kubiak a Kan Ƙanƙara

A duk unguwarmu ta Point Place, can bakin tafki a arewacin Toledo, babu wanda ya kai Gus Kubiak sani, in dai shi ka tambaya. Ɗaure noti ya yi a masana'antar mota har gashinsa ya yi fari, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya ƙirƙiro taya. Ya taɓa gyara mini famfon banɗaki, ruwa ya riƙa zubowa ta fitilar falo, ya ce laifin wanda ya gina gidan ne. Shinge ɗaya ya raba gidana da nasa, saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani.

Da ya yi ritaya sai ya gano cacar waya. Mu nan Ohio doka ba ta yarda da irinta ba, amma Michigan ta yarda, kuma Michigan ɗin tana ƙarshen layinmu. Manhajar ta san inda kake tsaye. Kana wannan gefen ta ƙi buɗewa, ka tsallaka ta tarbe ka da kiɗa.

Wata safiya muna zaune a shagon kofi na Bernadette, inda mu tsofaffin unguwa muke haɗuwa, Gus ya shigo yana taƙama kamar an naɗa shi gwamna. Ya jawo kwanon ƙunshin sukari, ya juye a tebur.

"Ku matsalarku kun ɗauka caca sa'a ce," in ji shi. "Caca lissafi ce. Ba ta cin kowa sai wanda bai iya riƙon jari ba."

Otis Varga, ƙanin matarsa, bai ko ɗago kai daga farantin ƙwansa ba. "To, Farfesa ya iso. A rufe ƙofa kar ilimi ya fita."

Gus bai kula shi ba. Ya jera ƙunshin sukari goma. "Doka ta farko, ka kasa jarinka kashi goma. Doka ta biyu, kashi ɗaya a kowace tafiya. Ya ƙare, ka tashi ka koma gida, ba waiwaye. Doka ta uku, in ka faɗi a faifan cacar nan da ke juyawa ya tsaya a ja ko baƙi, ka ninka abin da ka sa. Ai faifan ba zai yi ta faɗawa baƙi har abada ba."

"Wa ya ce masa?" in ji Otis.

"Wa ya ce wa wa?"

"Faifan. Wa ya je ya gaya masa ba zai yi ta faɗawa baƙi ba?"

"Otis, kai ka tsaya a gyaran babur. Wannan ya fi ƙarfin kanka."

Bernadette ta zo ta kwashe sukarinta. "Jarinka ya koma kwano. Na abokan ciniki ne."

Abin da ya ɓata lamarin shi ne, a tafiyarsa ta farko Gus ya ci. Ya dawo ya saya wa kowa kek, ya sayi sabuwar hula mai gashi, ya fara kiran kansa masanin kasada. Har mai kawo wasiƙa sai da ya tsare a ƙofar gida ya karanta masa dokokin uku.

Ana nan sai babbar tukunyar suya ta zauren cocinmu ta mutu. Azumin kafin Ista ya gabato, kuma kowace Juma'a a azumin mu ke soya kifi mu sayar, da shi ake biyan wutar zauren duk shekara. Ba tukunya, ba kifi. Abin da muka tara a gwangwanin kofi bai wuce rabin kuɗin sabuwa ba.

"Rabi?" in ji Gus. "Ai kun gama. Ku ba ni rabin in dawo muku da ɗayan."

Bernadette ce ma'aji, ta ce sai dai in ta mutu. To ba ta mutu ba, amma ta je cire haƙori, kuma a ranar muka kaɗa ƙuri'a. Otis kaɗai ya ƙi. Muka miƙa wa Gus gwangwanin, aka ce ni in riƙa bin sa a matsayin shaida.

Washegari muka tsallaka iyaka a motarsa, muka tsaya a harabar gidan man Mista Haddad. Gus ya sa tabarau, ya lanƙwasa yatsu suka yi ƙara, ya buɗe manhaja. Ya sa a ja, faifai ya faɗa baƙi. Ya ninka, baƙi. Ya sake ninkawa, baƙi. Kafin injin mota ya huce, kashin farko ya tafi.

"To, doka ta biyu," na ce. "Mu tafi gida."

"Ai dole," in ji shi. "Mutum ba ya wasa da dokarsa."

Ya tada mota, muka tsallaka cikin Ohio. Ko tsawon filin ƙwallo ba mu yi ba ya juya kan mota a tsakiyar titi, muka dawo harabar Haddad.

"Gus, me ke nan?"

"Sabuwar tafiya."

"Ba mu je gida ba fa."

"Felix, ina ne gida? Ohio. Mun taka Ohio ko ba mu taka ba?"

Kashi na biyu ma bai daɗe ba. Muka sake fita, muka sake juyowa. A juyi na uku na hango Mista Haddad a bayan gilashi, waya a kunne, yana nuna mu da yatsa. Tsofaffi biyu da huluna har gira suna ta zagaye gidan mansa ba su sayi ko cingam ba. A juyi na huɗu fitilar 'yan sanda ta haska a bayanmu.

Ɗan sandan ya leƙo. "Ranku ya daɗe, me kuke nema a nan?"

"Yallaɓai, na ji daɗi da ka tambaya," in ji Gus. Ya fara daga doka ta farko. Bawan Allahn nan ya tsaya cikin sanyi ya saurara har ta uku, yana gyaɗa kai, sannan ya rubuta mana tarar juyi a inda aka hana.

"Wannan kashi na nawa ne?" na tambaya a hanyar gida.

"Wannan kuɗin gudanarwa ne. Ba ya cikin lissafi."

Lorna, matar Gus, ba mai yawan magana ba ce. Ta karanta takardar tarar, ta miƙa hannu, ya sa mata makullin mota a ciki. Na ji shi ta shinge yana cewa ta tsaya ya yi mata bayani. Ta ce ta sha bayani tun kafin a haifi 'yarsu ta fari, ta ƙoshi.

Sai ga Gus a kan keken Lorna, mai kwando da furen roba a gaba, yana kutsawa cikin dusar ƙanƙara. Ni ina bin sa a ƙafa ina riƙe da butar kofi. Bai yarda ya koma wajen Haddad ba. Ya jingine keken a jikin allon da ke nuna iyaka, ya tsaya nan a bakin titi. Kuma da ya ga ba mota, sai ya sauƙaƙa wa kansa tafiyar. In kashi ya ƙare, ya yi tsalle ɗaya da baya ya dira Ohio, ya ce, "Na iso gida," ya sake tsalle gaba ya ce, "Sannu da zuwa."

Motoci suna wucewa suna masa ham. Tsohuwa Misis Pulaski, wadda gidanta ne na ƙarshe a layin, ta buɗe taga.

"Gus Kubiak! In fitsari ne ya matse ka, ka shigo mana! Wannan rawar ba ta dace da shekarunka ba."

"Aiki nake, Misis Pulaski!"

"Uwarka ma haka take cewa kana yi, Allah ya jiƙanta."

Sanyin ranar kuwa ba a magana. Yatsunsa suka ƙage, ya mayar da safar hannu, waya kuma ta ƙi jin safa. Sai ya ɗaga ta saitin fuska ya fara dannawa da hanci. Ya ce mini wannan dabarar shi ya gano ta, zai sa ta a littafin da zai rubuta. Hancin Gus kuwa ba ƙarami ba ne. Ya je danna lamba ɗaya, hancin ya haɗa da sifili a gefe. Kafin ya ce "tsaya," faifai ya juya.

Baƙi.

Kashi uku suka tafi a danna ɗaya. Ya tsaya yana kallon wayar, majina ta daskare a gashin bakinsa.

"Ba tsari ba ne ya faɗi," in ji shi a hankali. "Hanci ne."

Kashegari a shagon kofi, Bernadette tana jiran sa, kumatu a kumbure, idanu kamar za su huda bango. Ta riga ta ji labarin ƙuri'ar.

"Ina kuɗin tukunya?"

"Suna nan."

"Ina?"

"Kuɗi ba sa ɓata, Bernie. Wuri suke canzawa. Yanzu suna wancan gefen, muna shirin ɗauko su."

"Nawa ya rage a wannan gefen?"

Gus ya kai hannu kwanon sukari, ta buge hannun. Dole ya faɗa da baki. Kashi ɗaya.

Wani ya ce a karɓe abin da ya saura. Wani ya ce me za a saya da shi, ludayi? Gus ya miƙe tsaye.

"Ku duba tarihin abin. Me ya ci mu? Ɗan sanda, sanyi, da hanci. Duk matsalar muhalli ce. Abin da nake bukata ofis ne mai ɗumi a cikin Michigan, wanda ba haya, ba maigida, ba Misis Pulaski." Ya nuna taga. A bayan shagon tafkin ya shimfiɗu fari fat, a daskare, da 'yan bukkokin masu huda ƙanƙara su kama kifi nan da can a kansa. Iyakar ta ratsa ta tsakiyar ruwan.

"Otis, ara mini bukkarka."

"A'a."

"Don coci ne fa."

"A'a."

"To zan gaya wa Lorna wanda ya fasa mata kwanon miyar mahaifiyarku."

Otis ya ajiye cokali. "Bukkar kawai. Ka taɓa babur ɗina, sai na sa ka a ƙugiya na jefa wa kifi."

Babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, ja, sabo, Otis ya fi son sa da wasu daga cikin jikokinsa. Bargo yake lulluɓa masa.

Ranar Asabar gari ya waye da wani ɗumi da ba na lokacin ba. Rediyo tun safe yake cewa iska za ta tashi, kowa ya sauka daga kan ƙanƙara. Masu bukkoki suna ta janyo nasu zuwa gaɓa. Mutum ɗaya ne kawai yake tafiya ta ɗaya hanyar, yana jan bukka, a kan jan babur mai ƙafa huɗu.

Na ruga bakin gaɓa. "Gus! Rediyo fa!"

"Rediyo bai san lissafi ba! Na auna kaurinta da kaina!"

"Da me?"

"Da ido!"

Na ce shaidata ta ƙare a nan, na koma shagon Bernadette. Kafin hantsi rabin unguwa ya taru a bayan shagon, ana karɓa-karɓa da madubin hangen nesa. Otis ya iso da silifa, ya ga sawun tayar babur ɗinsa ya miƙe cikin tafki, ya ɗora hannu biyu a ka. Lorna ta zo da jakarta, ta kira Gus, ta buɗe lasifika don kowa ya ji.

"Lorna, ki gaya musu ofis ya buɗe," muryarsa ta fito fes. "Na kunna risho, na cire safa. Kuma na bar faifan nan, munafuki ne. Na koma wasan akwatunan zinariya."

"Akwai shi a dokokin?" in ji Bernadette.

"Doka ta huɗu ce. Yanzu na kafa ta."

Muka tsaya muna sauraron kiɗan wasan yana fitowa ta wayar Lorna, kiling-kiling, kowane kiling wani yanki na tukunyarmu. Iska ta fara kaɗa tutar shagon. Can sai muka ji ihu.

"Uku! Akwati uku sun jeru! Garaɓasa! Na gaya muku! Bernie, ki zaɓi tukunyar da kike so, mai baki biyu! Otis, ina bakinka? Yanzu zan buɗe..."

Sai wata ƙara ta tashi daga tafkin, kamar an harba igwa a ƙarƙashin ƙasa. Karnuka suka ɗauki haushi. Wanda yake riƙe da madubin ya ce, "Kai!" Wani baƙin layi ya bayyana tsakanin gaɓa da bukkar, ya fara faɗi, ya zama ruwa. Ƙaton faifan ƙanƙara ya ɓalle da Gus, da bukka, da babur, iska ta fara tura su kudu.

"Gus," in ji Lorna, muryarta ta canza. "Leƙa waje."

"Tsaya, wayar ce ta maƙale. Wai... wai ba na cikin Michigan. Wane irin ba na cikin Michigan? Ban motsa ba!"

"Ka motsa. Leƙa waje."

Muka ga ƙofar bukka ta buɗe, ɗan ɗigon mutum ya fito, ya juya hagu, ya juya dama. Muna jiran mu ji ya ce a taimake shi.

"Wa ya mayar da ni Ohio?" ya yi ihu. "Garaɓasata tana can!"

Bernadette ta riga ta kira 'yan kwana-kwana. Shi kuwa Gus ya ɗauko shebur daga bukka, ya durƙusa a bakin faifan ƙanƙarar da ya kai girman harabar coci, ya fara tuƙi zuwa arewa. Misis Pulaski, wadda aka kawo mata kujera, ta karɓi madubin.

"Yana gaba kuwa?" aka tambaye ta.

"Sheburin dai yana gaba da baya."

'Yan kwana-kwana suka iso da kwalekwalensu mai ƙatuwar fanka a baya, wanda ke bin ruwa yana hawa ƙanƙara. A bayansu motar gidan talabijin. Shugabar masu ceton Renata ce, 'yar wan Bernadette, wadda Gus ya sani tun tana rarrafe. Wayar Lorna tana buɗe, don haka duk muka ji yadda suka yi.

"Mista Kubiak, ajiye shebur ka shigo."

"Renata, 'yar albarka. Ta ina za ku koma?"

"Ta inda muka zo."

"To ba na zuwa. Ku ɗan bi da ni ta arewa, minti biyu, in danna abu ɗaya."

"Wannan ba tasi ba ce."

"Zan biya kuɗin mai!"

"Da me?" Otis ya ƙwala daga gaɓa, kamar zai shige cikin wayar.

"Mista Kubiak, ƙanƙarar nan tana tsagewa a bayanka. Zan ƙirga uku."

Gus ya duba wayarsa, ya duba ƙarshen faifan ta arewa, ya ga kamar wancan gefen bai gama barin Michigan ba. Sai ya yar da shebur, ya haye babur.

"A'a," in ji Otis a hankali. "A'a, a'a. Gus. Yayana. Farfesa. Don Allah."

Babur ya zabura. Ya yi kyau a guje, gaskiya, ja a kan fari. Ya kai bakin faifan, Gus ya ja birki, ya miƙe tsaye a kan sirdi, ya ɗaga waya sama yana neman Michigan. Bakin ƙanƙarar ya ce ƙaras. Babur ya duƙar da kai kamar saniya za ta sha ruwa, ya tafi a hankali, fitilarsa a kunne.

Ƙarar da Otis ya yi, gidan talabijin sai da suka rage ta kafin su watsa.

Lorna ba ta yi ihu ba, amma ta riƙe hannuna har sai da ya yi tabo. Muka ga kwalekwalen ya zagaya, Renata ta kwanta rub da ciki, ta miƙa sanda mai ƙugiya, ta saƙalo shi ta ɗamarar wando. Ya fito yana ɗigar ruwa, ba hula, ba tabarau, ba takalmi ɗaya. Hannunsa na dama kuwa yana sama, waya a ciki, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Da aka sauke shi a gaɓa a nannaɗe da bargon ceto mai ƙyalli kamar azurfa, mai ɗaukar hoto ya kai masa makirufo. Haƙoransa suna kaɗawa ya ce, "Komai... yana... ƙarƙashin... kulawa." Lorna ta rungume shi, ta daɗe, sannan ta sake shi ta ɗauke shi da mari ɗaya mai kyau. Wannan ba su rage ba, sun nuna shi har sau biyu.

Asibiti suka duba shi suka sallame shi. Da yamma Renata ta gaya wa gwaggonta cewa manhajar ba ta cinye garaɓasar da ba a buɗe ba, tana nan tana jira. Labari ya zagaye unguwa.

Ranar Lahadi ana tashi daga coci, babu wanda ya tafi gida. Muka ɗunguma a ƙafa zuwa ƙarshen layi, Gus a gaba da rigar sanyi biyu, yana laluben hanya saboda ba tabarau, Lorna tana riƙe da gwiwar hannunsa. Har Fada, limamin cocinmu, ya biyo mu, wai iska yake sha. Mista Haddad ya hango taron ya kai hannu waya, sai ya ga ana sayen kofi, ya buɗe ƙofa biyu.

Gus ya tsaya tsakanin kantar biskit da firjin lemo. Manhaja ta buɗe da kiɗanta. Ya yi gyaran murya.

"Kafin in danna, ina so in ce na yafe wa duk wanda ya yi shakka."

"Danna," in ji Otis.

Ya danna. Akwatin farko ya buɗe, zinariya ta yi ta ɓulɓulowa a fuskar waya, ƙahoni suna busa. Na biyu, wuta ta tartsatsa. Na uku, wani ɗan dodo ya fito yana rawa. Misis Pulaski ta dafe ƙirji. Kiɗan ya hau, ya hau, sannan lamba ta fito da manyan haruffa.

"Ba na gani," in ji Gus. "Bernie, karanta musu. Da ƙarfi."

Bernadette ta kawo wayar kusa da ido. "Dala uku da santi sittin."

"Dubu uku?"

"Uku. Da santi sittin."

"Duba sifilan."

"Sifilan suna nan, Gus. Duk suna hagu, kafin ukun."

Mista Haddad ya ce kofinsa babba dala huɗu ne, amma zai yi ragi. Fada ya juya yana karanta bayan kwalin biskit, kafaɗunsa suna rawa.

Kunnen Gus ya yi ja. "Wannan alama ce. Wasan ya fara ɗumi. Duk mai lissafi ya san bayan ƙaramar garaɓasa babba ce ke zuwa. Abin da ake bukata yanzu a ɗan ƙara jari. Ina wurin zuba kuɗin nan..." Ya riƙa laluben fuskar wayar, yana kai ta nesa yana dawo da ita.

"Kawo in nuna maka," in ji Lorna da wata murya mai laushi da ban taɓa jin ta da ita ba. Ta kama yatsansa. "Nan. Yauwa. Sai nan ƙasa. Yana tambaya ɗaya ko biyar."

"Biyar mana. Ni ba na wasan yara."

"To danna biyar. Yana cewa ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Yana sake tambaya."

"Na ce na tabbata! Kowa shaida ne!"

Ya danna da ƙarfi. Kiɗan ya ɗauke. Fuskar waya ta koma fara, da 'yan layukan rubutu.

"Me ya ce? Kuɗin sun shiga?"

Bernadette ta karɓa, ta karanta a hankali, tana jin daɗin kowace kalma. Manhajar tana gode wa Mista Kubiak bisa shawarar da ya yanke ta hana kansa caca na shekara biyar, kuma tana sanar da shi ba a janyewa.

Dariyar da aka yi sai da firji ya girgiza. Otis ya zame ya zauna a kan buhun gishirin narkar da ƙanƙarar titi yana share hawaye, ko na dariya ne ko na babur, ban sani ba. Gus ya juya wajen da yake zaton Lorna take, ya nuna kantar biskit da yatsa ya ce, "Ke!"

"Ina nan," in ji Lorna daga ɗaya gefen.

A satin nan Lorna ta sa ƙaramin jirgin ruwan Gus a kasuwa. Rabin kuɗin ya tafi wajen masu tsamo babur daga ƙasan tafki, sauran ya sayo tukunya. Mai baki ɗaya.

Juma'ar farko ta azumi layi ya kai har titi. Mutane daga garuruwan da ban taɓa ji ba suka zo ganin mutumin talabijin, kowa kuma ya sayi faranti. Bernadette ta ajiye Gus a bayan zaure, gaban baho, da wuƙa da sabon tabarau, yana kankare ɓawon kifi. Wani saurayi ya leƙo da waya a hannu ya tambaye shi ko yana nadama.

Gus ya ɗago, ɓawon kifi a girarsa.

"Nadama? Ɗana, saurara ka ƙaru. Daga yau har shekara biyar ba zan yi asarar ko santi ɗaya ba. Tabbas, a rubuce. Ka zagaye ƙasar nan kaf, ka nuna mini ɗan caca ɗaya da zai iya faɗin haka."

Saurayin ya mayar da wayarsa aljihu. Bernadette ta turo wani bokitin kifi da ƙafa.